Tsohuwar Fiyar Turai Mai Bauri: A Sare Ko A Bari?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Gloucester a Ingila. Bara muka koma gidan da ke da fili a baya, kuma a filin akwai wata ƙatuwar bishiyar fiyar Turai da ta fi gidan tsawo nesa ba kusa ba. Tana 'ya'ya jingim, ƙanana, gefe ɗaya ja. Amma in ka gartsa sai bauri ya ɗaure maka baki, in kuma ka ajiye su nuna sai ka tarar ciki ya ruɓe. Maƙwabcina ya ce sunanta Blakeney Red, wai ta yin giyar peri ce. Ni ba na shan giya. Shin cuta ce ke damunta? In sare in dasa mai ciwuwa? In tana da wani amfani, yaya zan yi da ita, kuma zan iya kai irinta gida Najeriya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta ƙunshi abu huɗu: ko bishiyar na da lafiya, ko a sare ta, me wanda ba ya shan giya zai yi da 'ya'yanta, sai kuma batun kai ta gida. Zan fara da wanda ya fi gaggawa: ka ajiye gatarin nan. Duk abin da ka lissafa, ƙanƙantar 'ya'ya, bauri, ruɓewa daga ciki, halin wannan iri ne tun asali. Bishiyarka lafiyarta ƙalau.

Saboda masu karatu na gida, fiyar da muke magana a kai daban take da wadda ake sayarwa a kasuwannin Jos da Kano, mai ƙaton ƙwallo ɗaya da nama kamar man shanu. Wannan 'yar'uwar tuffa ce, ƙananan ƙwayoyin iri ne a tsakiyarta, kuma a ƙasashen sanyi take yi.

Inda irin ya fito

Fiyar Turai kashi uku ce a wurin manoma. Akwai ta ci ɗanya, irin su Conference da Comice da kake gani a kanti. Akwai ta dafawa. Akwai kuma ta matsa, wadda ruwanta kawai ake so, shi ake bari ya tsumu ya zama peri. A Ingila kusan duk fiyar matsa daga gundumomi uku maƙwabtan juna ta fito: Gloucestershire, Herefordshire da Worcestershire. Manoman yankin na cewa fiyar peri ba ta jin daɗi sai inda take hango tudun May Hill, wato dai kana zaune a tsakiyar ƙasarta. Blakeney kuma ƙauye ne a gefen dajin Forest of Dean, kusa da kogin Severn, shi ya ba irin suna. Wasu na kiranta Red Pear, wasu Painted Lady, saboda jan da rana ke shafa mata a kumatu.

Cibiyar binciken Long Ashton da ke kusa da Bristol, wadda aka kafa a 1903, ta bi gonakin yankin a shekarun 1950 zuwa farkon 1960 tana tantance iri. Abin da aka samu ya haura iri 100, amma sunayen da ake kiransu da su sun haura 200, don iri ɗaya kan canza suna daga wannan ƙauye zuwa wancan. Wasunsu tsofaffi ne ƙwarai: Thorn da Barland suna cikin rubuce-rubucen ƙarni na 17. A cikinsu duka Blakeney Red ce aka fi shukawa, kuma dalilin a fili yake. Tana yin 'ya'ya da yawa kusan kowace shekara, kuma ba ta matsa kaɗai ba ce: an dafa ta, an yi jam da ita, masana'antu sun zuba ta a gwangwani. Ana ma ba da labarin cewa an rina kakin soja da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin da Butt ko Barland ka gada, waɗanda baurinsu ya wuce misali, da zaɓinka bai kai haka yawa ba.

Ta hoto ko bayani ba a tabbatar da sunan iri, kuma maƙwabta kan kira kowace jar fiya Blakeney. Ka ɗebi 'ya'ya biyar ko shida da suka ƙosa, da ƙusoshinsu, wato ɗan itacen da ke riƙe su a reshe, da ɗan reshe mai ganye, ka kai cibiyar adana irin fiyar peri ta ƙasa da ke Hartpury, ba ta da nisa da kai. Akwai kuma gwajin ƙwayoyin gado da ake yi da ganye a cibiyar binciken East Malling da ke Kent, ana tura ganyen da bazara. Yana da kyau ka yi, don wasu irin sun kusa ƙarewa. Akwai wanda ake kira Coppy, da aka wayi gari babbar bishiyarsa guda ɗaya tak aka sani.

Baurin da ruɓewar

Baurin daga sinadarin tanin yake, shi ne dai wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, kuma shi ke ɗaure baki in ka ci ɗanyar kanya. Yana kama sinadaran gina jiki da ke cikin miyau ya dunƙule su, sai harshe ya ji kamar an goge shi da tsumma. Masu peri wannan suke nema, don shi ke ba abin shansu nauyi da daɗewa. Long Ashton ta kasa irin gida huɗu bisa tsami da tanin ɗin ruwansu. Blakeney Red tana gidan masu matsakaicin tsami, inda tsamin ke tsakanin 0.2 da 0.6 cikin ɗari, tanin kuma ƙasa da 0.15 cikin ɗari. Masu tsananin bauri taninsu ya haura 0.2. Kenan taka tana cikin masu sauƙi-sauƙi, kuma rabin baurin da kake ji na rashin nuna ne. Tsakuwa-tsakuwar da ke gurzar haƙori kuwa wasu ƙwayoyi ne masu tauri a cikin naman, kowace fiyar Turai na da su, na matsa dai sun fi yawa.

Ruɓewar ita ce ainihin wahalar wannan iri. Fiya daga ciki take fara nuna ta fito waje, saɓanin yadda ido ya saba. Lokacin da fatar ta yi rawaya ta yi laushi, tsakiyar ta riga ta wuce, ta koma ruwan kasa ta narke. A Blakeney Red tazarar da ke tsakanin ɗanya da ruɓaɓɓiya gajeriya ce ƙwarai: daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba take zuba, kuma da zarar ta zuba kana da kamar mako guda. Shi ya sa sunanta ya ɓaci a wurin wasu masu peri na da, waɗanda ke tara ta tsibi su bari sai sun samu sarari.

Ga yadda ake gane lokaci. Daga tsakiyar Satumba, kowane kwana biyu ka tsaga guda uku gida biyu. In ƙwayoyin irin sun koma baƙi-baƙi, naman fari ne har tsakiya, kuma babban yatsa na ɗan lotsa wuyanta kusa da ƙusa, lokaci ya yi. In ka ga da'irar ruwan kasa ta fara kewaye tsakiya, yau za ka yi aiki, ba gobe ba. Zubin farko yawanci masu tsutsa ne, a kwashe a zubar. Sauran ana girgizo su da doguwar gora mai ƙugiya a kan tamfol, a yi haka sau biyu ko uku cikin kwana goma tunda ba rana ɗaya suke ƙosawa ba. Kada a zuba a buhun leda, zafi na taruwa a ciki ya gaggauta ruɓa. Akwatuna marasa zurfi a inuwa mai iska sun fi. Ka kula da rina, suna shigewa cikin waɗanda suka fashe a ƙasa, safar hannu ba ƙawa ba ce a nan.

Abin da za ka yi da 'ya'yan

Mafi sauƙi dafawa. Ka fere su tun suna da ɗan tauri, ka raba biyu ka cire tsakiya. A kilo ɗaya ka sa sukari giram 150 zuwa 200, ruwa kofi biyu, ruwan rabin lemon tsami, kanumfari uku da ɗan kirfa ko citta. Ka rufe tukunya ka sa a tanda mai zafin digiri 140 na awa uku zuwa huɗu. Doguwar dahuwa a cikin ɗan tsami tana farfasa tanin ɗin, baurin ya tafi, naman ya rikiɗe ya zama ja-ja kamar an ɗiga masa zoɓo. Wuta mai ƙarfi ta minti ashirin ba ta yin wannan, sai dai ta farfashe su baurin na nan.

Na biyu shi ne ruwanta, a sha shi sabo. Nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan, don ruwan fiya ba ya jiran kowa: yis na jikin fatar, kuma a ɗaki mai ɗumi cikin kwana biyu zuwa uku za ka ga kumfa ta fara tashi, ya kama hanyar zama abin da kake gudu. Saboda haka ranar da aka matsa, ranar ake dafa kwalabe. Ka wanke 'ya'yan, ka jefar da duk mai ruɓa maimakon yanke wurin, domin fumfunar ruɓa na barin guba mai suna fatulin wadda zafi ba ya kashewa. In tumaki ko shanu na kiwo a ƙarƙashin bishiyar, a janye su wata biyu kafin girbi. A niƙa, sannan a bar niƙan a rufe awa 12 zuwa 24 a wuri mai sanyi kafin matsa. Wannan jiran yana sa wani kaso na tanin ya maƙale a tuƙar, ruwan ya fito da sauƙin bauri. Niƙan fiya na da santsi, yana tsartuwa ta gefen kyalle in aka danne da sauri, don haka a riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Ƙaramar na'urar matsa ta gida na ba da lita 50 daga kilo 100, mai ƙarfi ta kai 65 ko 70. Ƙungiyoyin masu gonakin itatuwa a yankinku kan ba da haya ko aron na'urar da kaka.

A kowace lita ka narkar da rabin giram na hodar bitamin C don kada ya yi duhu. Ka auna tsaminsa da takardar awo: in ya haura 4.0 a ma'aunin pH, wato tsamin ya yi ƙaranci, ka gauraya da ruwan tuffa mai tsami irin Bramley, ko lemon tsami, har ya sauko, domin ruwa mai ƙarancin tsami ba ya ajiyuwa lafiya a kwalba. Ka cika kwalaben gilashi ka bar sararin yatsa biyu, ka jera su a tukunyar ruwa da tsumma a ƙasa, murafe a sassauce. Ma'aunin zafi a cikin kwalba ɗaya za ka sa, ba a ruwan tukunya ba. In ya kai digiri 75, ka riƙe shi a nan minti 20, ka ɗaure murafe, ka kwantar da kwalaben don ruwan zafi ya taɓa cikin murfi. Zai kai shekara a wuri mai duhu. Wanda ke da babban firiza zai iya daskarar da shi a robobi kawai. In ka ga wani farin gajimare ya kwanta a gindin kwalba bayan makonni, tanin ne ya dunƙule, ba lalacewa ba ce. Wadda ta yi tsit da iska in an buɗe, ko murfinta ya kumbura, ita ce ta tsumu, a zubar.

Gargaɗi ɗaya da ba a cika faɗa ba: fiya na da wani nau'in sukari mai suna sobitol, wanda hanji ba ya tsotsewa da kyau. Yana saki ciki. Kofi ɗaya ya isa a farko, yara kuma rabi.

Na uku, wanda ni na fi so ga mai bishiya babba, shi ne a dafe ruwan ya zama kamar zuma. A Beljiyam da Suwizalan sun daɗe suna yi. Lita 10 a faffaɗar tukunya, wuta matsakaiciya, ana kwashe kumfa, har ya koma kusan lita ɗaya da rabi. A rabin awa na ƙarshe ne yake kamu, a rage wuta a tsaya a kai. In ka ɗiga a faranti mai sanyi ya tsaya bai bazu ba, ya yi. Yana shiga kunu, yana hawa burodi da masa, kuma kwalabe kaɗan sun ɗauke abin da zai cika maka ɗaki.

Duk da haka ba za ka iya cinye abin da irin wannan bishiya ke zubarwa ba, a shekara mai kyau ɗaruruwan kilo ne. Masu peri na yankin na neman tsofaffin bishiyoyi, kuma wataƙila su ƙwanƙwasa maka ƙofa. Hukuncin sayar musu ko ba su kyauta fannin malamai ne, su za ka tambaya. Akwai masu matsa ruwan sha zalla, akwai maƙwabta masu dafawa, ragowar kuma taki ne mai kyau in an cakuɗa da busasshen ganye.

Kula da tsohuwar

Fiyar peri da aka aura a kan gindin da ya tsiro daga ƙwaya tana kai mita 15 zuwa 20, tana kuma rayuwa shekara 200 zuwa 300. Turawan yankin na da karin magana cewa fiya don magada ake shuka ta. Wadda aka yi a ƙauyen Holme Lacy da ke Herefordshire ta shahara: rassanta sun riƙa kwantawa ƙasa suna yin saiwa, har a wajen 1790 ta rufe kashi uku cikin huɗu na eka. Wanda ya dasa taka bai ga cikar girmanta ba. Kafin ma ka taɓa babban reshe, ka tambayi ƙaramar hukumarku ko akwai umarnin kariya a kanta. In gidan na cikin unguwar da aka keɓe don adana tarihi, doka ta ce a ba da sanarwar mako shida kafin a yi wa bishiya aiki. In haya kake, sai da izinin mai gida.

Tsohuwar fiya ba ta son aski mai yawa. Da hunturu a cire reshen da ya karye, da wanda ke gugar ɗan'uwansa, da wanda ya yi nauyi a kan rufi ko hanya. Kada a wuce kashi ɗaya cikin biyar na rassa a shekara guda, in ba haka ba za ta mayar da martani da ɗaruruwan tsirrai miƙaƙƙu marasa 'ya'ya. Aikin sama na mai hawa bishiya ne da igiya da inshora. Kogo a jiki ba hukuncin kisa ba ne, da yawa na rayuwa shekaru da dama da shi. Abin da ke kashe su a gidaje shi ne tona rami, zuba kankare ko ajiye mota a ƙarƙashin inuwarsu.

Cutar da za ka sa wa ido ita ce ƙunar wuta, ta ƙwayar bakteriya, wadda ta shiga Ingila ta Kent a 1957 ta kuma yi wa sababbin gonakin peri ɓarna daga baya. Alamarta: bayan fure, ƙarshen reshe ya yi baƙi kamar an babbake, ya lanƙwashe kamar ƙugiya, ganyen ya bushe bai faɗi ba. A yanke aƙalla santimita 30 ƙasa da inda cutar ta tsaya, 60 a babban reshe, a goge almakashi da maganin kashe ƙwayoyi bayan kowane yanka, a ƙone abin da aka cire. Ɗigo-ɗigo masu launin ruwan lemo a ganye da rani tsatsa ce, muni ne kawai, ba ta kashe babbar bishiya.

Auren reshe

In kana son fiyar ci, ka dasa Conference da aka aura a kan gindin kwins, wata ƙaramar bishiya 'yar'uwar fiya, mita goma daga inuwar tsohuwar. Ba za ta wuce mita huɗu ba, cikin shekara huɗu ko biyar za ka ci, kuma furanninsu za su taimaki juna.

In kuma tsohuwar kake son ka ninka, ƙwaya ba za ta ba ka irinta ba, sai aure, kamar dai mangwaro. A Janairu ka yanko tsirran bara masu kaurin fensir daga gefen da rana ke bugu. Tsohuwar bishiya kan yi ƙarancinsu, don haka wani lokaci sai an datse reshe ɗaya bana a samu tsirrai baɗi. Ka naɗe a jiƙaƙƙiyar takarda da leda, ka sa a firji nesa da tuffa, don iskar da tuffa ke fitarwa na lalata idanun. A Maris ka yi auren. Ka datse gindin santimita 15 zuwa 20 daga ƙasa da yanka a karkace mai tsawon santimita huɗu, ka yi irinsa a tsinke mai ido uku, ka tsaga ɗan harshe a kowanne su sarƙe. Koren da ke ƙarƙashin ɓawo dole ya haɗu aƙalla a gefe ɗaya, nan ne yawancin masu koyo ke faɗuwa, suna saita tsakiya su bar gefe. Ka ɗaure tam, ka toshe kan da kakin zuma, ka kwance ɗaurin a tsakiyar rani kafin ya shaƙe.

Zaɓin gindi shi ke yanke girma. Na ƙwaya zai ba ka irin ƙatuwar da kake da ita, a tazarar mita 12 zuwa 18, kuma sai ka jira shekara goma ko fiye. Gindin Pyrodwarf, da aka samar a Jamus, na tsayawa matsakaici ya fara 'ya'ya da wuri. Kwins ya fi kowa gaggawa, amma fiyoyin peri da dama ba sa jituwa da shi: auren ya kama, ya yi shekara uku ko biyar, sai iska ta ɓalle shi daidai mahaɗa, wurin sumul kamar an yanka da wuƙa. Maganinsa a sa guntun reshen fiyar Beurré Hardy ko Comice a tsakani.

Batun Najeriya kuwa, ba zan ba ka ƙwarin gwiwa ba. Irin waɗannan fiyoyi na bukatar kusan awa dubu na sanyin da bai kai digiri 7 ba kowace shekara kafin idanunsu su buɗe. Hunturun Jos da Mambila ba ya tara ko kusa da haka. Bishiyar za ta yi ganye jefi-jefi, ta ƙi fure, ta rame. Masu son gwada fiyar Turai a tsaunukanmu su nemi iri masu ƙarancin bukatar sanyi kamar Hood da Flordahome, waɗanda awa 150 zuwa 250 ke isarsu. Kuma ko su, ba a sa reshe a jaka a hau jirgi: sai da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da aka ɗauko, da izinin shigowa daga hukumar killace tsirrai ta Najeriya, domin ta irin wannan tsinken ne ƙunar wuta ke ƙetare teku.